Tsaunin Mambila: Yadda Yanayin Ƙasa Ya Tsara Tarihin Ƙaramar Hukumar Sardauna



Gabatarwa

Abin da zan yi magana a kansa yau wani yanki ne na ƙasar nan wanda yawancinmu da suna kawai muka san shi. Wani ya ga sunan a jikin kwalin ganyen shayi, wani ya ji shi cikin labarin madatsar ruwan lantarki da aka daɗe ana alkawarinta, wani kuwa bai taɓa jin an ambace shi ba sai ran da rediyo ya ce an yi faɗa tsakanin manoma da makiyaya. Wannan yanki shi ne Tsaunin Mambila, watau Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, wadda hedkwatarta ke Gembu.

Manufar wannan lacca guda ɗaya ce. Ina so in nuna cewa bisan da wannan ƙasa take da shi, wanda ya zama mafaka ga mutanenta shekaru aru-aru, shi ne kuma ya jawo mata baƙi daga baya, kuma rigimar filaye da ake fama da ita a can ta tsiro ne daga haɗuwar yanayin ƙasar da dokokin da aka tsara a nesa da ita. Wanda ya ɗauki rigimar a kan ƙiyayyar ƙabila kawai ya kama reshe ya bar tushe. Saboda haka zan fara da labarin ƙasa, sa'an nan in shiga tarihi, domin a nan ɗayan ba ya fahimtuwa sai da ɗayan.

Shimfiɗar Ƙasa

Matafiyin da ya taso daga Jalingo zai bi ta Bali da Serti, cikin zafi da daji irin wanda ya saba gani a kwarin Binuwai, har ya iso Mayo Selbe. A nan ne zai ga dutse ya tare masa gaba kamar bango, wanda a wasu wurare tsayinsa ya kai mita 900. Hanya takan yi ta naɗewa tana hawa, kwana bayan kwana, har ta fito Maisamari. Daga nan sai ya ga kamar an sauya masa ƙasa: tuddai masu laushin gangara sun jeru iyakar ganinsa, ciyawa ta lulluɓe su, itatuwa ba su da yawa sai a cikin kwari da bakin rafi, ga iska mai sanyi, ga hazo yana sauka da rana tsaka.

Matsakaicin bisan wannan tsauni daga leɓen teku ya kai mita 1,600, watau fiye da ƙafa 5,000. Garin Jos, wanda muke yi wa kirari da sanyi, bai wuce mita 1,200 da 'yan kai ba. A gefen arewa maso gabas, kan iyakar Kamaru, akwai Chappal Waddi mai mita 2,419, wanda babu dutsen da ya kai shi tsawo a Nijeriya duka. Tsawon tsaunin ya kusa kilomita 100, faɗinsa kuwa kamar 40. Ƙarƙashinsa tsohon dutse ne, amma a wurare da dama aman wuta na zamanin da ya malala a kansa, ya ruɓe ya zama jar ƙasa mai zurfi.

Damina a can takan fara tun wajen watan Maris ko Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba ko Nuwamba. Ruwan da ke sauka a shekara yakan haura milimita 1,800, watau kimanin ninki biyu na abin da Kano ke samu. Zafin rana ba ya cika wuce digiri 25 ba. Daga wannan ruwa ne Kogin Donga ya samo asali, haka nan rassan Kogin Taraba daga wannan jerin duwatsu suke gangarowa, dukansu kuma Binuwai suke zubawa.

Abubuwa biyu nake roƙon a riƙe daga wannan bayani, domin za mu yi ta komowa kansu. Na farko, saboda sanyi da ƙarancin kurmi, ƙudan tsando ba ya zama a bisa tsaunin, don haka sammore ba ya damun shanu. Na biyu, bangon dutsen nan yana fuskantar Nijeriya ne, ta arewa da yamma. Ta kudu da gabas kuwa tsaunin haɗe yake da tuddan Bamenda da na Banyo a cikin Kamaru. In da ƙasa ce ke zaɓen maƙwabta, da ƙofar Mambila Kamaru take kallo, ta ba Nijeriya baya.

Mazauna na Farko

Mutanen da ake kira Mambila su ne aka fi sani da daɗewa a wannan wuri. Su da kansu suna kiran kansu da kalmar da ke nufin mutane, sunan Mambila kuwa ta bakin maƙwabta ya bazu. Harshensu yana cikin dangin harsunan da masana ke ganin 'yan'uwan Bantu ne na kusa. Tun da Joseph Greenberg ya fito da rabe-rabensa na harsunan Afirka, wanda ya kammala a littafinsa na 1963, masana suka karkata ga cewa daga wannan sashe na iyakar Nijeriya da Kamaru ne kakannin masu harsunan Bantu suka fara bazuwa har suka cika tsakiya da kudancin Afirka. Ashe ke nan yankin da muke gani a ƙarshen taswirarmu, a taswirar tarihin Afirka kusa da tsakiya yake.

Mambilawa manoma ne tun asali, kuma sun san ƙira, domin har yanzu ana samun tarin kashin tama a tsofaffin kufai. Dawa ce babban abincinsu a da, kafin masara ta zo ta karɓe gonaki, suna kuma noma gwaza da wake. Akwai wata dabara tasu da ta cancanci ambato. Idan gona ta gaji, sukan shuka mata majimfa, tsiron nan da masunta ke kashe kifi da shi, su bar ta 'yan shekaru. Majimfa dangin wake ce, tana mayar wa ƙasa ƙarfinta, ga shi kuma ana samun makamashi daga karanta. Wannan ya nuna cewa a wurin Bamambile gonar da aka bari tana hutawa gona ce mai ubangiji, ko da baƙo zai gan ta ya ce daji ne. A riƙe wannan ma, don zai yi mana amfani nan gaba.

Ta fuskar mulki, ba su taɓa haɗuwa ƙarƙashin sarki ɗaya ba. Kowane ƙauye cin gashin kansa yake yi, dattawa da masu kula da al'ada ke yanke hukunci, kuma rantsuwar da suke kira Suwa ita ce ke ɗaure alkawari tsakanin mutum da mutum. C. K. Meek ya yi rubutu a kansu a littafinsa na 1931, Farnham Rehfisch kuma ya zauna a Warwar a 1953 ya nazarci auren musanya da yadda mutum kan ci gado ta wajen uwa da ta wajen uba. Ban da Mambilawa, akwai Kaka da Kambu da Panso, waɗanda asalinsu ke haɗe da tuddan Bamenda. Wannan ma shaida ce ta inda ƙofar ƙasar take kallo.

Zamanin Banyo

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya iso wannan sashe ta hannun Modibbo Adama, wanda ya karɓi tuta ya kafa daular Fombina mai hedkwata a Yola. Cikin ƙarni na 19 ƙananan masarautun Fulani suka yi ta kafuwa kudu da Yola, cikinsu har da Banyo da Gashaka. Daga Banyo ne, ta buɗaɗɗiyar ƙofar nan ta gabas, mahaya suka riƙa hawa tsaunin a kashi na biyu na ƙarnin, suna kai hari suna kama bayi.

Rashin sarki ɗaya, wanda ya ba kowane ƙauye 'yancinsa a lokacin lafiya, shi ne ya zama rauni a lokacin yaƙi, domin ɗaya bayan ɗaya aka riƙa cin su. Wasu ƙauyuka sun haƙa ganuwa a kan tuddai, kuma ana iya ganin gurabenta har yau. Wasu sun yi mubaya'a suna biyan gandu, wani lokaci da mutane. Wasu kuwa sun watse, sun gangara kwarin Tikar a ƙasar da ta zama Kamaru, inda zuriyarsu ke zaune a garuruwa irin su Somie da Atta. Sakamakon haka jama'ar tsaunin ta ragu ƙwarai, gonaki da yawa suka koma ciyawa.

Ya kamata mu faɗi wannan tarihi yadda yake, ba tare da ɓoye-ɓoye ba, domin yana nan a zukatan mutane. Amma wajibi ne kuma mu bambanta mahayan Banyo na ƙarni na 19 da makiyayan da suka zo da shanunsu a ƙarni na 20. Harshe ɗaya suke yi, amma zuwansu daban, manufarsu daban. Cuɗanya su biyun a cikin magana ya jawo ɓarna mai yawa.

Turawa da Shata Iyaka

Jamusawa sun ci Banyo a 1902, suka sa tsaunin cikin mulkinsu na Kamaru. Ba su daɗe ba Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi, sojojin Ingila suka ƙwace dutsen Banyo a watan Nuwamba na 1915. A 1916 Ingila da Faransa suka raba Kamaru a tsakaninsu, suka tabbatar da rabon a 1919. Garin Banyo ya faɗa hannun Faransa, Gashaka da mafi yawan Mambila suka faɗa hannun Ingila. Layin da aka ja ya raba Mambilawa gida biyu, ya kuma yanke tsaunin daga kasuwanni da hanyoyin da ya saba da su.

A bisa doka wannan ƙasa ba mallakar Ingila ba ce. Riƙo aka ba ta, da farko ƙarƙashin Majalisar Ƙawancen Ƙasashe daga 1922, daga baya kuma ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1946. Amma a aikace an haɗa ta da Lardin Adamawa, ana mulkinta ta hannun En'e ta Yola, ana turo mata hakimai daga can. Di'o kan zo rangadi jefi-jefi, a ƙasa ko a kan doki, domin har tsakiyar ƙarni na 20 babu hanyar mota da ta hau bangon dutsen. Makaranta da asibiti sun yi jinkirin zuwa, haraji kuwa bai yi jinkiri ba.

Wannan ne ya sa abin da ya faru a watan Nuwamba na 1959 ya ba shugabannin Kaduna mamaki. An tambayi mutanen Arewacin Kamaru ta Ingila, wadda Mambila ke cikinta, ko suna so su shiga Jihar Arewa idan Nijeriya ta sami mulkin kai, ko kuwa a ɗage maganar. Mafi rinjaye suka ce a ɗage. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya gane cewa ƙorafin mutane a kan mulkin En'e ne, sai aka cire yankin daga ƙarƙashin Yola aka kafa masa hukumomin kansa, cikinsu har da ta Gashaka da Mambila. Da aka sake jefa ƙuri'ar raba gardama a watan Fabrairu na 1961, mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ran 1 ga Yuni 1961 yankin ya shigo Nijeriya, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna, hedkwatarsa a Mubi. Daga nan tsaunin ya bi Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, da Jihar Gongola a 1976, da Jihar Taraba a 1991. Lardin ya shuɗe, sunan ya rage wa ƙaramar hukumar da muke magana a kanta.

Ga ɗaliban siyasa akwai abin lura a nan. Mutanen Mambila suna cikin 'yan ƙalilan da suka zama 'yan Nijeriya ta hanyar ƙuri'a, bayan an yi musu alkawarin za a kula da su. Duk lokacin da suka yi kukan an manta da su, wannan alkawari suke tunawa.

Zuwan Shanu

Yanzu sai mu koma kan ƙudan tsando. Da aka daina kai hari, hanyoyi suka yi lafiya, sai Fulani makiyaya suka fara hawa tsaunin da garkunansu, kaɗan-kaɗan a farkon mulkin Ingila, sa'an nan da yawa daga wajen shekarun 1940. Abin da suka tarar aljannar makiyayi ce: ciyawa kusan duk shekara, ruwa a kowane kwari, babu sammore, ga fili fetal wanda yaƙe-yaƙen ƙarnin da ya wuce suka rage wa jama'a. Hukuma kuma ta yi marhabin da su, domin jangali ya zama babbar hanyar kuɗin shiga ga baitulmali. Fataken Hausawa suka biyo baya da gishiri da tufafi da kanwa, suna sayen shanu da goro, suka zauna a Gembu da Nguroje da sauran garuruwa. Fulatanci ya zama harshen kasuwa, Hausa na biye da shi.

Da farko zaman ya yi daɗi, domin kowa na da abin da ɗan'uwansa ke bukata. Manomi yana cikin kwari, makiyayi yana kan tudu, ana musanyar hatsi da nono, da rani kuma shanu su gangara ƙasa. Amma abubuwa biyu suka yi ta ƙaruwa a kan ƙasar da ba ta ƙaruwa. Jama'a ta hayayyafa, har ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 220,000 a ƙaramar hukumar. Shanu ma suka hayayyafa, har doguwar ciyawa irin ta shuci ta ja baya, gajeriya mai tauri ta maye gurbinta, burtali ya zama kwazazzabo, zaizayar ƙasa ta kama gangaren tuddai. Manomi ya so ya koma gonar kakansa da aka bari tana hutawa, sai ya tarar ruga ta shekara talatin a wurin. Makiyayi ya so ya kai shanunsa mashaya, sai ya tarar an nome fadamar har bakin ruwa. Kowannensu yana da hujja, kuma kowannensu gaskiya yake faɗa gwargwadon abin da ya sani.

Doka, Takarda da Waya

A kan wannan hali ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sauka. Ta danƙa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba mutum ɗaya har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo. A wurin da fili ke da yalwa wannan adadi ba zai tayar da hankali ba. A kan tsaunin da faɗinsa bai wuce kilomita 40 ba kuwa, hekta 5,000 ƙasar ƙauyuka ce sukutum.

Waɗanda suka san hanyar ofis, watau masu manyan garkuna da attajirai da manyan ma'aikata, 'yan ƙasa da baƙi, su suka sami takardun mallaka, suka kewaye tuddai da waya. Talakan manomi, wanda hujjarsa kabarin kakansa ne da shaidar dattawa, ba shi da abin nunawa a gaban alƙali. Ƙaramin makiyayi mai shanu ashirin shi ma waya ta tare masa hanya. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Ƙarar ɓarnar gona ta cika kotuna, siyasar ƙaramar hukuma ta koma ta ƙabila, domin wanda ya riƙe kujera shi ke sa hannu a takardar fili. A watan Janairu na 2002 rikici ya ɓarke, aka yi asarar rayuka, dubban makiyaya suka tsallaka Kamaru gudun hijira. A watan Yuni na 2017 aka sake yin wani, aka kashe mutane, aka ƙone gidaje, aka hallaka dabbobi. 

Arzikin da Ake Hange Daga Ƙasa

Ba makiyaya kaɗai sanyi da ruwan tsaunin suka jawo ba. An kawo gahawa da dankalin Turawa, an dasa itacen turare, wanda wasu ke kira zaiti, har ya zama shi ne katako da makamashin yankin, ko da yake manoma na kukan yana shanye ruwan ƙasa. A shekarun 1970 aka kafa gonar shayi a Kakara. Tun wajen wannan lokaci ake maganar datse Kogin Donga don samar da lantarki. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta amince da kwangilar kusan dala biliyan 5.8 don samar da megawat 3,050, daga baya aka rage girman shirin, shari'a da rashin kuɗi suka riƙe shi shekara da shekaru. Duk wani shiri irin wannan fili yake ci, kuma kwarin da ruwa zai cika shi ne inda gonaki suka fi kyau.

Akwai kuma ɗan abin da ya rage na kurmin asali. Kurmin Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, an keɓe shi tun 1969, kuma yana ɗauke da itatuwa da tsuntsaye da birai irin waɗanda ba a cika samu a wani wuri a ƙasar nan ba. A arewa da tsaunin akwai gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka mayar na ƙasa a 1991, kuma shi ne mafi girma a Nijeriya. Waɗannan kurame su ke riƙe ruwan da Donga da Taraba ke kai wa manoma da masunta na kwarin Binuwai. Saboda haka wanda ke zaune a Wukari ko Ibi yana da ruwa da tsaki a cikin abin da ke faruwa a Gembu, ko ya sani ko bai sani ba.

Kammalawa

Jama'a, idan muka tattara abin da ya gabata za mu ga cewa tun daga mahayan Banyo har zuwa masu zanen madatsar ruwa, kusan duk wanda ya yanke hukunci a kan Tsaunin Mambila daga wajensa ya yanke, kuma yawancinsu sun ɗauke shi fili ne da babu mai shi. Bayi aka nema da farko, sa'an nan jangali, sa'an nan ƙuri'a, yanzu kuma lantarki da ma'adinai. Mazauna tsaunin, manomansu da makiyayansu, su aka bari da rabon abin da ya saura.

Ina ganin aikin da ke gabanmu mu mutanen jami'a a fili yake. Ana bukatar a auna ƙasar nan ƙauye-ƙauye, a rubuta wane ne ke noma ina, wane ne ke kiwo ina, ina burtali da mashaya suke, kuma a yi haka a gaban dattawan kowane ɓangare. Ana bukatar a sake duba manyan takardun mallaka da aka bayar tun daga 1978, a ga waɗanda aka bayar bisa ƙa'ida da waɗanda aka bayar a kan gonakin mutane. Ana bukatar a ɗauki tarihin baka daga tsofaffin Mambilawa da Kaka da Kambu da Panso da Fulani da Hausawa tun suna raye, domin yaron da ya san yadda maƙwabcinsa ya zo zai yi wuya a zuga shi ya ƙone masa gida. Ɗalibanmu na tarihi da labarin ƙasa da aikin gona da shari'a duk suna da abin yi a can, kuma ina ba su shawara su hau su gani da idonsu, don gani ya kori ji.

 Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa mu gama da duniya lafiya.